Kaya In Ya Yi Lilo, Bin Sa Ake Yi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Sharaɗa, Kano, ranar Laraba.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake na san katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinka da nawa.

Za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ina rubuto maka wasiƙa kamar wanda ke Ikko. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Mu yadda aka tashe mu, uba ba ya zaunar da ɗan fari ya dube shi ido cikin ido ya yi ta zuba. Ban da wannan, tun ranar da muka yi maganar nan a wurin aiki gaisuwarka ta koma daga bakin ƙofa. Kafin in ɗago kai in amsa, ka wuce. Ga shi ranar Asabar za ka tafi Abuja, daga can ka hau jirgi zuwa ƙasar da ko sunan garinta ban iya faɗa daidai ba, don ka ƙaro karatu a kan motsin ƙasa. Ummanka ta ce in na bari ka tafi a haka ita ba ruwanta, amma kada in zo daga baya ina tambayarta ko ka bugo waya. Ka san Ummanka, ba ta ɗaga murya, amma in ta ajiye magana ba ta sake ɗaukarta.

Ba zan yi maka wa'azi ba, malamai sun fi ni iyawa. Kuma ba zan koya maka boko ba, ni da na tsaya a aji uku na sakandare. Sai dai ka sani, wanda ya tsaya a aji ukun nan bai gaji ko sifanar kwance noti ba, yau kuma babu layin da za ka bi a Sharaɗa ko Challawa ba ka ga ƙofa ko tankin ruwa ko jinkar rufin da suka fito daga hannunsa ba. Ban roƙi kowa ba, ban ci na kowa ba. Abin da na sani ƙarfe ne da igiya, da su zan yi maka magana. Abin da kuke kira fendulum a fiziks ɗinku, ni lilo na san shi, kuma ya koya mini karatu tun kafin a haife ka. Matsalar ita ce ni ɗalibi ne mai taurin kai, sai an maimaita mini.

Ina saurayi na samu aiki a wani kamfanin ƙarfe a Bompai, wanda yanzu ya rufe, ciyawa ta cinye harabarsa. Da leburanci na fara. Da suka ga ina da kai, sai aka ɗora ni a kan ƙugiya, wato injin nan mai tafiya a kan dogo can ƙarƙashin rufi, wanda ke sako igiyar ƙarfe ya ɗaga damin rodi ya kai inda ake so. Mai tuƙa shi yana zaune a wani ɗan akwati a sama, yana kallon tsakiyar kan kowa. Ka san halina. Ranar da na fara hawa akwatin nan, ji na yi duk Bompai a ƙarƙashin takalmina take.

Wanda aka ce ya koya mini wani dattijo ne, Malam Isufu, mutumin Damagaram, dogo, siriri, kullum da goro a kunci. Ya nuna mini abin gaba da na baya, na sama da na ƙasa, sannan ya ce abu ɗaya ya rage: kaya in ya yi lilo, bin sa ake yi. Na ce to, amma a raina na ce maganar tsofaffi ce. Ina dalilin da zan bi abin da ni nake riƙe da shi?

Ba a daɗe ba ranar ta zo. Babbar mota na jiran lodi, direbanta ya ishe mu da danna oda, ni kuma ina son a ga na iya. Na ɗauki dami na taho a guje, na zo daidai motar na taka birki farat ɗaya. Injin ya tsaya, kaya bai tsaya ba. Ya ci gaba, ya yi gaba abinsa. Me hankali zai ba ka? Abu ya yi gaba, ka ja shi baya. Na ja baya. Sai ya dawo da ƙarfin da ya fi na tafiyarsa, ya wuce ta ƙarƙashina. Na sake kora injin ɗaya gefen don in tare shi. Duk gyaran da na yi, ƙara masa nake. Mutanen ƙasa suka watse, wani ya bar takalminsa, mai shayin bakin ƙofa ma ya tashi da butarsa. A ƙarshe bakin rodin ya daki bangon sito ya zubar da bulo. Allah Ya kiyaye, ba a taɓa kowa ba.

Kayan na nan yana kai da kawowa sai ga Malam Isufu ya hawo tsani, bai ko tofar da goronsa ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka zuba wa kayan ido. Ya bari ya tafi, ya tafi, har ya kai can ƙarshe inda yake ɗan tsayawa kamar mai tunani kafin ya juyo. A daidai nan ya tura hannuna, injin ya bi kayan, ya je ya tsaya a kansa. Abba, damin nan ya tsaya cak, kamar an kira sunansa.

"Ka gani?" in ji shi. "Gida yake nema. Gidansa kuwa ƙarƙashin inda aka rataye shi. Kai kana ta gudu da gidan, shi yana ta bin ka. Yanzu ka kai masa gidan, ina zai je?"

Ya sauka abinsa. Ni kuwa na yi mako ana ce mini Sarkin Lilo.

To, ga abin da zan ce maka. Inda za ka, za ka zauna da mutanen da ba yarenku ɗaya ba, ba abincinku ɗaya ba. Malamin da zai duba aikinka wata rana zai taso maka, abokin ɗakinka zai yi maka abin da a Kano ko yaro ba zai yi ba. In mutum ya ɗauko zafi, kada ka tare shi a tsakiya. Lilo a tsakiya ya fi gudu, nan ne yake karya hannu. Ka bar shi ya kai ƙarshe, kowane fushi yana da wurin da yake ɗan tsayawa ya ja numfashi. A nan za ka matsa kusa da shi, ka ce ka ji abin da ya dame shi. Bin kaya ba tsoron kaya ba ne. Har yanzu igiyar a hannunka take.

Da na bar Bompai na buɗe rumfar walda tawa a Sharaɗa, injin haya, inuwar buhu. A shekarun nan aka haife ka. Lilo na farko da na taɓa ƙerawa ba na sayarwa ba ne, naka ne, da ragowar bututu na haɗa shi a tsakar gidan da muke haya. Ba za ka tuna ba, amma tabon da ke ƙarƙashin haɓarka ya tuna. Na ɗora ka ina turawa, kana dariya kana cewa in ƙara. Ni kuma gaggawa, ina son ka yi sama sosai maƙwabta su gani. Maimakon in jira lilon ya gama dawowa, sai na tare shi yana tahowa na banka masa hannu. Kujerar ta tsaya, kai ba ka tsaya ba. Da haɓa ka sauka.

Ummanka ta ɗauke ka tana danna maka tsumma, ba ta dube ni ba ta ce wai ni komai sai na yi masa da ƙarfi, shi lilo ai jira ake yi ya gama zuwa. Bayan ka warke ita ta karɓi turin. Na zauna ina kallo. Da 'yan yatsu take taɓa bayanka, taɓawar da ko ƙuda ba za ta kora ba, amma kullum a daidai lokacin da ka fara komawa. Kafin wani jimawa kana sama har ƙafarka na neman igiyar shanya. Ƙarfina duka bai kai ka rabin nan ba.

Na sake haɗuwa da abin nan a Challawa, a wani kamfanin fata da na yi wa dandamalin ɗora inji. Dandamali mai kauri, ko giwa ta hau ba zai motsa ba. Amma in injin ya kai wani gudu, sai duk ƙarfen ya kama rawa har noti na kwancewa. In ya wuce gudun nan ko ya gaza shi, shiru. Daga baya kai ka gaya mini dalili, ka ce kowane abu yana da lokacin lilonsa, in ƙaramin bugu ya yi ta zuwa a daidai lokacin, sai ya taru ya zama babba.

Saboda haka kada ka raina ƙaramin abin da ake maimaitawa. Karatun da za ka yi kaɗan kullum ya fi wanda za ka kwana uku kana yi jarrabawa na bakin ƙofa. Salla ma da Allah Ya raba mana ita a kan lokuta, ai da Ya so da Ya tara mana ita wuri ɗaya. A can ba za ka ji ladan ba, an ce mini wani lokacin rana ma ba ta faɗuwa sai dare ya raba, wani lokacin kuma tun la'asar ta tafi. Ka nemi lokutan garin ka riƙe su. Kuma ka sani ɓarna ma haka take shiga. Ba wanda ke lalacewa da turi ɗaya. Yau ka ce bari in raka su kawai, gobe ka ce bari in zauna kaɗan. Ɗan yatsa ne, amma a kan lokaci yake zuwa.

Darasi na uku da lilo ya koya mini, kai ka fi ni saninsa, amma bari in faɗa yadda ni na gan shi daga nawa gefen. Lokacin wurin aiki ya bunƙasa, mun samu fili namu, kana aji huɗu na sakandare. Wata Hajiya mai makarantar yara a bayan layinmu ta ba ni aikin lilo. Na yi su gajeru, a tunanina yara ƙanana ne, kada su faɗo daga nesa. Ba a yi mako ba ta aiko, wai lilon sauri gare shi, fit-fit kamar wutsiyar akuya, yara na sauka da jiri. Na ce wannan mai sauƙi ne, kujerun ne ba nauyi. Na cire na katako na sa na ƙarfe mai kauri. Ta sake aikowa, wai ba abin da ya canza, sai dai yanzu in ya bugi yaro ya fi zafi.

Kana gefe kana cin gyaɗa, ka dawo daga makaranta, ka ce, "Baba, ba nauyi ba ne. Sarƙar ce gajera."

A gaban ma'aikata. Na ce da kai ni na shekara da shekaru ina ɗaga ƙarfen da ya fi gidanmu nauyi, yaron da ko guduma bai iya riƙewa ba ne zai gaya mini abin da nauyi ke yi? Ba ka yi musu ba. Ka ɗauko noti biyu, ɗaya irin na tayar babbar mota, ɗaya ɗan ƙarami kamar na keke, ka ɗaure su da zare tsawo ɗaya a jikin bututun rumfa. Ka ja su gefe, ka sake su tare. Na tsaya na harɗe hannu ina jiran babban ya bar ƙaramin a baya.

Tare suka tafi, tare suka dawo. Suka sake tafiya, suka sake dawowa, kamar 'yan biyu za su makarantar allo. Sale, babban mai waldarmu, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Oga, ƙaramin nan fa bai san girman na gaba da shi ba." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Sai ka naɗe zaren ɗaya ya gajarce, nan take ya kama fit-fit irin na lilon Hajiya. Ka ce in ana son lilo ya ninka lokacin zuwa da dawowarsa, ba ninka igiyar za a yi ba, sai an yi mata tsawo huɗu. Ka ƙara da cewa a duniyar wata ma lilo ya fi nan nawa, don can jan ƙasa ba shi da ƙarfi. Na ce in ka je ka gwada ka aiko mini.

Abin da ya fi ba ni haushi, na san wannan tun a Bompai. Kullum ina gani, in na sako igiya ƙasa kaya na lilo a hankali, in na naɗe ta sama yana sauri, ko dami ɗaya ne ko uku. Idona ya gani shekara da shekaru, kaina bai karɓa ba, don na riga na yanke cewa mai nauyi shi ke da iko da komai. Washegari na sa aka ɗaga ƙafafun lilon aka ƙara sarƙa. Ban ce maka ka yi gaskiya ba. Tsire na saya maka a hanyar gida, na ɗauka ka gane.

Amma akwai abin da na lura da shi ranar, wanda kai ba ka tsaya gani ba don ka tafi wanke hannu. Na warware zaren da ka naɗe suka koma tsawo ɗaya, na sake su tare, na bar notin nan biyu suna yi. Ƙaramin ya riga gajiya, iska ta cinye shi, tafiyarsa ta yi ta raguwa. Babban ya daɗe yana yi. Sai dai ko da ƙaramin ke dab da tsayawa, bai saɓa lokaci ba, tare suke juyowa. Ka riƙe wannan. Za ka dawo da takarda mai nauyi, in sha Allah, a riƙa kiran ka dakta. Nauyin nan zai sa ka daɗe ana jin ka, iskar mutane ba za ta tsayar da kai da wuri ba. Amma ba zai sa ka riga kowa isa inda Allah bai kai ka ba, kuma ba zai sa gaskiyar ƙaramin mutum ta zama ƙarya ba. In ɗalibinka ya ce maka sarƙar ce gajera, ka ce masa ya yi gaskiya da bakinka. Kada ka saya masa tsire.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye.

Ka tuna hutun da ka zo daga jami'a ka rataye bokitin fenti cike da yashi a jikin ƙarfen rufin wurin aiki? Ka jingina bayanka da bango, ka jawo bokitin har ya taɓa hancinka, ka sake shi. Ya tafi can, ya taho gadan-gadan, Sale na salati, ya zo dab da hancinka ya tsaya, ya koma. Ko ƙiftawa ba ka yi ba. Ka ce lilo ba ya taɓa wuce tsayin inda aka sake shi, sharaɗin kawai kada a tura shi. Ma'aikata suka ce Oga ya gwada. Na ce ni ba na wasan yara da kayan aiki. Gaskiyar magana, na san hannuna. Ban iya sakin abu ba tare da na ɗan tura shi ba.

Ranar da ka zo mini da labarin an ɗauke ka karatun nan, na riga na gama gyara ofishin da ke kusa da nawa. Na sa tayil, na sa na'urar sanyaya ɗaki, ni da na yi shekaru da fanka. Na sa an sake rubuta allon bakin ƙofa an ƙara "da 'Ya'yansa". Ban tambaye ka ba, don a ganina ba abin tambaya ba ne. Duk abin da na tara, wa na tara wa? Sai ga ka kana gaya mini za ka tafi shekaru, ka zauna kana sauraron ƙasa ko za ta motsa. Ka yi mini bayani cewa na'urar da ake auna girgizar ƙasa da ita ma asalinta lilo ce, nauyi ne a rataye, ƙasa ta motsa shi ya tsaya. Ka zaci zan ji daɗi. Ni kuwa ji na yi ka ɗauki abin da ka koya a rumfata za ka kai wa wasu.

Mu maƙera muna cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma karin maganar nan ta ciyar da ni. Sai na buga. Na ce, a gaban Sale da sauran, in ka tsallake ƙofar nan ka ɗauka ba ka da komai a ƙarfen da ke cikinta. Da na ce ban so tafiyar ba, da na saki magana ne, ta je ta dawo ta tsaya a inda na sake ta. Amma na tura. Ka dube ni ka ce, "To, Baba." Kalma biyu. Yau makonni ke nan ina jin su a karan hancina.

Daga nan kuma sai na koma saurayin Bompai. Ka yi gaba, na ja baya. Na hana a yi maganar tafiyar a gabana. Ka daina zuwa cin abinci falona, na daina tambayar ina kake. Kawunka ya zo ba ni baki, na ce ya sha ruwa ya gaishe da gida. Duk gyaran da na yi ƙara nisa yake, ina gani, hannuna kuma ya ƙi sakin abin jan.

Shekaranjiya muna sauke wani tanki daga mota da ƙaramar ƙugiyarmu, tankin ya ɗauki lilo. Wanda ke kan injin ya fara ja baya. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, na ce bi shi, bi shi, kai masa gida. Ya bi, tankin ya tsaya. Sale ya matso kusa da ni yana goge hannu da tsumma, bai dube ni ba, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Oga, ashe dai ba a manta ba." Ya koma kan aikinsa. Shekarunmu da Sale sun fi naka yawa, bai taɓa sa baki a maganar gidana ba, ranar ma in ka tambaye shi zai ce tanki yake nufi.

To, Abba, ka ji. Maganar da na yi a bakin ƙofa na janye ta, kuma a inda na yi ta zan janye ta, gobe da safe a gaban waɗanda suka ji. In ka ga dama ka zo, in ba ka zo ba ma zan faɗa. Ofishin yana nan. Ba zan kulle shi ina jiran ka kamar ɗakin mamaci ba, Sale zai shiga ya riƙa karɓar masu kawo aiki, ya daɗe da cancanta. Allon kuma ba zan goge ba. Ɗa ɗa ne, ko yana riƙe da guduma ko yana sauraron ƙasa. Tafiyarka na yarda da ita, na sa mata albarka. Ba zan ce maka na fahimci amfanin karatun ba, ƙarya zan yi. Amma yaron da ya tsaya bokitin yashi na taho masa bai ƙifta ba, ya san abin da ya dogara da shi.

Abu biyu nake roƙo. Ka san lilo in ba mai taɓa shi, ba ya tsayawa farat ɗaya. Raguwa yake yi kaɗan-kaɗan, har ya mutu ba wanda ya lura da lokacin. Zumunci haka yake mutuwa tsakanin mutanen da ba su yi faɗa ba ma. Ka sa wa Ummanka rana, kowace Juma'a in ka sauko daga masallaci, ko da gaisuwa ce kawai. Ba sai kana da labari ba, ɗan yatsa ne a kan lokaci. In ta gama ta miƙo mini wayar, kada ka ce kati ya ƙare. Ni ma ba zan ce ina alwala ba.

Na biyu, ka kula da maratayi. Duk lilon da na ƙera, ba kujera nake fara dubawa ba, ba sarƙa ba, ƙugiyar sama nake dubawa, don in ta tsinke abin da ke ƙasa ba lilo ba ne kuma, jifa ne. Ka san inda aka rataye ka: Ubangijinka, sannan gidan nan. Muddin wannan na riƙe, ka yi nisa iyakar igiyarka, ban damu ba.

Jiya Ummanka tana ninke maka kaya tana share ido, ta ce shekarun da yawa. Na ce mata ai kai ka koya mana, doguwar igiya ta fi daɗewa kafin ta dawo, amma ba a taɓa jin ta ƙi dawowa ba. Ta ce yau kuma ni ne malamin fiziks. Na ce aji uku ma aji ne.

Ta gaya mini ka yi magana da wani mai keke zai zo ranar Asabar da safe ya kai ka tashar Na'ibawa. Ka sallame shi. Na sa an duba mota, an canza mai, an sa sababbin tayoyin gaba. Ni zan kai ka, kuma ba tasha ba, har Abuja, har ƙofar da za su ce daga nan mai rakiya ba ya wucewa. In ka so mu yi hira a hanya, mu yi. In ba ka so ba, hanyar Kaduna doguwa ce, na iya jira.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin baƙunta da na zuciya. Allah Ya sa abin da za ka koyo ya amfane ka ya amfani mutane, Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai muna raye, in kuma ba mu kai ba, Ya sa ka same mu da addu'a. Na ba Allah ajiyarka, Shi ajiyarSa ba ta ɓata.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga ƙaramin notin nan da zarensa. Babban yana wurina.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.